Da Hannun Wa Aka Auna

Auta ne ya raba ni da wutata. Yana gaya wa mutane wai tsufa ne, wai ciwon gwiwa ne, wasu kuma suna ɗora wa Dogo magini. Duk ƙarya. Ɗan da na haifa da cikina, na ƙarshensu, shi ya yi, yana sane, kuma har yau bai buɗe baki ya ce shi ne ba.

Ni mai gashi ce. Ban shiga aji ba, ban san baƙi ba, wuta na sani. Tun ubansu na da rai nake gasa nama da kifi a bakin tashar mota, da ya rasu ma ban fasa ba. Da ƙafa ta fara yi mini gardama na kwaso kayana na dawo filin da ke bayan gidanmu. Kayan ma ba wasu masu yawa ba ne: rabin duro a kan duwatsu, wayar gashi a kansa, sai wani farantin ƙarfe da ya yi baƙi ƙirin, wanda nake soya ƙwai da albasa a kai. Da yamma maƙwabta su leƙo ta ƙofar baya da kwanoninsu, a saya, a yi hira, a yi gulmar da za a yi, a watse.

Ana nan sai Auta ya dawo gidan da matarsa, wai gidan haya ya ishe shi. Na ce gidan ubansa ne, bisimilla. Bai daɗe ba ya fara zagaya wurin gashina yana yamutsa fuska.

"Inna, wannan duron naki ai abin kunya ne. Abokaina su zo su tarar da uwata a gaban duro?"

Na ce, "Duron nan shi ya saya maka takalmin makaranta, kuma bai ji kunyar ƙafarka ba."

Ya yi dariya, ya matso da wayarsa yana nuna mini hotuna. Wajen gashi biyu a jere, shimfiɗaɗɗen faranti na suya a gefe, rumfar kwano a sama, famfo a kusa, ƙasa duk tayil.

"Irin wannan zan gina miki. Ba ruwanki da ruwan sama, ba ruwanki da sunkuyo."

Na dube shi na ce, "Nawa ne ko naka?"

"Haba Inna. Naki mana. Wa ya iya gashi a gidan nan in ba ke ba?"

Da wannan maganar ya same ni. Na yarda.

Ranar da magini ya zo, ina shirin tafiya wajen babbar 'yata da ta haihu a wani gari, jakata ma tana bakin ƙofa. Dogo ake ce masa, kuma ba a yi masa ƙarya ba, don sai da ya sunkuya kafin ya shigo. Ya gaishe ni, ya dubi wurin, ya ce, "Inna, tsayin fa? Yaya kike so?"

Na ce, "Kamu biyu daga ƙasa. Kar ya wuce."

Ni duk rayuwata da kamu nake awo, daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsa. Da shi nake auna atamfa, da shi nake auna igiyar shanya, da shi mai walda ya yanka mini waya. Kamu biyu shi ne daidai cibiyata, inda hannu zai kai ƙarshen waya ba tare da fuska ta shiga hayaƙi ba. Dogo ya ce, "An gama, Inna." Na ɗauki jakata na tafi.

Da na dawo, ba zan yi ƙarya ba, abin ya yi kyau. Tun daga ƙofa na hango rumfar tana ƙyalli. An shafe bulo sumul, an jera wayoyin gashi sababbi, farantin yana sheƙi har mutum ya ga fuskarsa. Raina ya yi fari. Na ajiye jaka, na taka na isa gabansa.

Sai na ga farantin a ƙirjina.

Na ja da baya na sake matsowa, ko ƙasa ce ta lotsa. Farantin yana nan a ƙirjina. Wayar gashin kuwa sai na yi ɗage kafin na hango ƙarshenta. Matar Auta ta sa gefen mayafi ta toshe baki, kafaɗunta suna rawa. Ban ga laifinta ba, ni ma da wata ce a wurin da na yi dariya. Ta ruga ta ɗauko wani bulo da ya ragu ta ajiye mini.

"Inna, taka wannan."

Na tambayi durona, aka ce an kwashe da tarkace. Zuciya ta ɗebe ni. Na ce ko a kan bishiya aka ɗora shi, yau sai na yi gashi. Na zuba gawayi, na hura, na taka bulo, na jera kifi. Na ɗora albasa a faranti. Komai na tafiya har lokacin juya kifin da ke can baya. Na miƙa hannu, na ƙara miƙawa, bulon ya goce, hannuna na dama ya kwanta a bakin farantin mai zafi.

Ƙunar ta kama daga ƙarshen yatsa har gwiwar hannu. Kamu guda cif, na auna daga baya.

Auta ya sa ni a mota zuwa asibiti. Ina riƙe da hannu ina cije baki, shi kuwa yana tuƙi yana magana a hankali kamar mai lallashin mara lafiya.

"Kin gani ko, Inna? Jiki ya yi nisa. Ki bar wutar nan haka, ki huta."

Aka naɗe mini hannu da bandeji muka dawo gida. Kafin hannun ya warke an ɓoye ashana, an sa wa ƙofar baya kwaɗo. Maƙwabciyata ta shigo dubiya ta ƙofar gaba, ta zauna tana girgiza kai. "Ashe jiri ne ya ɗebe ki? Auta ya ce tsufa ne, kin daina gashi." Haka labarin ya zagaye unguwa: mai gashi ta tsufa, ta faɗa wuta.

Ran Asabar kuwa sai ga abokan Auta da motocinsu. Ta taga nake kallo. Ya ɗaura wani ƙyalle a wuya, ya tsaya gaban waya yana juya nama yana ba da labari, ana ta shewa. Aka kawo mini nawa ɗaki a rufe da murfi, kamar baƙuwa. Waje ya ƙone, ciki jini. Na mayar da murfin.

Duk wannan lokacin Dogo nake zargi. Da aka cire mini bandeji, na tambayi inda yake aiki na shiga mota na je. Wani gini ne da bai kai rufi ba, ko'ina yashi da rodi. Na hango shi a sama da cokalin gini a hannu.

"Kai Dogo! Sauko!"

Ya sauko yana goge hannu a wando. "Inna, lafiya?"

"Lafiyar ke nan." Na ɗaga masa tabon. "Kamu nawa na ce maka?"

"Biyu."

"Nawa ka yi?"

"Biyu, wallahi. Da hannuna na auna."

Na ce, "Kawo hannun."

Ya durƙusa, ya kafa gwiwar hannunsa a kan wani bulo, na kafa tawa kusa da tasa. Yatsuna ko wuyan hannunsa ba su kai ba. Leburori suka ajiye shebur suka fashe da dariya. Wani ya ce, "Oga, ai kamunka ɗaya ya kai zanin Inna!"

Na ce, "Kai da ka ga ni, ka ga kanka, sai ka auna mini murhu da wannan muciyar taka? Hankalinka ma can sama yake tare da kanka?"

Ina shirin ƙara masa, sai na ga ya daina murmushi. Ya kori leburorin da hannu, ya rage murya.

"Inna, na yi kuskure da farko, ban musa ba. Baki ya ce kamu, hannu ya auna. Amma da gini ya tashi na tsaya na duba, na tuna tsayinki. Na kira ɗanki na ce, wannan ya yi wa Inna tsawo, bari in cire layi biyu tun siminti bai kama ba."

"Sai ya ce me?"

"Sai ya zo ya tsaya a gabansa, ya miƙa hannu kamar yana juya nama, ya ce daidai ne. Na sake cewa, Inna fa? Ya ce, bar shi haka, ita ai hutawa za ta yi."

Na nemi wuri na zauna a kan buhun siminti. Ban yi kuka ba, kar wani ya ce na yi. Ina zaune idona ya sauka a kan abin da suke ɗiban ruwan kwaɓi a ciki. Rabin duro, da lanƙwasa a baki inda mota ta taɓa buge shi a tasha.

"Wancan na wa ne?"

Dogo ya sosa ƙeya. "Ɗanki ya ce a jefar."

"Zubar da ruwan. Ran Asabar da la'asar ka ɗora shi a baro ka kawo mini ƙofar baya. Ka zo da guduma."

Asabar ta zo, abokai suka cika filin baya, Auta ya ɗaura ƙyallensa. Ina jin ƙarar baro a lungu na fito daga ɗaki da tsohuwar wayata ta gashi da baƙin farantina, waɗanda na tono a ƙarƙashin tarkacen ɗakin ajiya. Na zaga ta lungu na karɓi guduma a hannun Dogo, na dawo ta cikin gida na ba kwaɗon nan duka har ya saki. Ƙofa ta buɗe, aka turo duro.

"Nan," na ce, na nuna tsakiyar tayil, daidai gaban sabon ginin.

Abokan suka juyo suna kallo. Na jera duwatsu, na ɗora duro, na ɗebi gawayi daga buhun Auta, na ɗebi garwashi daga wutarsa. Hayaƙi ya tashi ya doki sabuwar rumfa. Auta ya taho da sauri yana magana ƙasa-ƙasa.

"Inna, don Allah, akwai mutane."

"Na gan su. Don su na zaɓi yau."

"Tayil ɗin zai lalace."

"Hannuna ma ya lalace, ba a kira taro ba."

"Ni fa don lafiyarki na yi."

Na ce, "To je ka tsaya gaban farantinka."

Ya tsaya yana waige-waige. Wani abokinsa mai tumbi ya ce, "Je ka mana, umarnin Inna ne." Ya je ya tsaya. Farantin a ƙugunsa, kamar tela ya auna. Na je na tsaya kusa da shi, farantin a ƙirjina. Na juyo na dubi abokan.

"'Ya'yana, ku da kuka yi karatu, ku duba da kyau. Wa aka gina wa wannan?"

Mai tumbin ya sunkuyar da kai yana kallon kwalbar lemonsa. Dogo yana bakin ƙofa riƙe da baronsa, ya ƙi shigowa ya ƙi tafiya.

Na ce wa Auta, "Da ka zo ka ce, Inna, ina son wajen gashi nawa, da na ba ka rabin filin nan, har in koya maka yadda ake yi nama ya nuna. Amma ka ce nawa ne. Aka gaya maka ya yi mini tsawo, ka ce a bari. Na ƙone, ka ce wa unguwa tsufa ne. Faɗi gaban mutanen nan, tsufa ne ya ƙona ni?"

Ya saci kallon abokansa. Can ya ce, "Inna, za mu yi magana a ciki."

"A waje ka faɗi ƙaryar, a waje za ka janye ta."

Ya kwance ƙyallen ya shige ɗaki. Naman da ya bari a waya ya fara ƙauri, ban taɓa shi ba, hannuna ba ya kaiwa. Na koma kan durona na jera kifi. Kafin rana ta faɗi maƙwabciyata ta leƙo ta ƙofar baya da kwanonta, ta ce, "Au, ashe kina nan da ƙarfinki?" Na ce ta tambayi ɗana.

Tun ranar kullum da yamma ina hura wuta a tsakiyar tayil. Ƙarƙashin duron ya tsage, rumfar ta fara baƙi, ko a jikina. Matar Auta ta zo da kanta ta durƙusa ta ce mijinta ya yarda a kira Dogo a cire layi biyu, a wuce wurin. Dogo ma ya aiko cewa aikin ba wuya, in ce ya zo kawai.

Ban ce ya zo ba. Bulo ba shi ya je ya ce wa mutane na tsufa ba, kuma ba da aike za a wanke ni ba. Auta yana fita da sassafe ta ƙofar gaba, ya dawo ya wuce ɗaki, ya aiko matarsa da gaisuwa. Ina jin takunsa, na san lokacin da yake tsayawa a bayan labule yana leƙen hayaƙi.

To ga ni nan gaban durona, ƙofar baya a buɗe, maƙwabta a tsaye da kwanoninsu. Auta, na san kana jina. Fito nan ka tsaya gaban ginin da ka yi, ka dubi hannun nan, ka gaya wa mutanen nan da bakinka wa ya ce a bar shi haka.