Haɗin Fatar Aska

Ni Altine 'yar wanzami ce, kuma akwai wata ƙarya da na riƙe shekara goma sha biyar. Allah ya yafe mini.

Babanmu wanzami ne a Bodinga. Askarsa ba a jin ta a kai, sai dai mutum ya shafa ya ji sanyi. Asirin yana jikin doguwar fatar da yake wasa askar. Sai ya shafe ta da wani haɗi, ya riƙa jan aska a kanta, gadon bayanta a gaba, bakinta yana bi, fyat-fyat, har ƙarfe ya ɗau ƙyalli. Ni ke daka masa haɗin: jar marmara a tankaɗe da ƙyalle sau uku, tokar karan gero, sai kitsen rago. Shi ke nan fa.

Baba ya rasu shekarar fara. Ko sadakar arba'in ba a yi ba, yayana Mode da ƙanena Ɗantani suka ɓata a kan zabirarsa. Mode ya ce shi ne babba, Ɗantani ya ce shi ya yi jinya. Kai, maza da gemu! Ɗantani ya kwashe nasa ya koma Shagari ko sallama babu. Abin ya ci mini rai, don mu uku muka rage wa juna a duniya.

Bayan wata uku fatar da kowannensu ke wasa askarsa ta bushe, aska ta fara cizo. Kowannensu ya aiko Dandin Mahe, inda nake aure, wai in ba shi haɗin Baba. Na mayar musu da amsa ɗaya: haɗin ba ya kwana, kuma sau ɗaya nake yin sa a wata, Larabar farko. Mai so ya zo da fatarsa. Ƙarya ce tsagwaronta, haɗin nan sai ya shekara a kasko bai yi komai ba.

Suka zo kuwa, kowa a kan jakinsa. A zauren maigidana suka zauna, sun juya wa juna ƙeya, ba abin da kake ji sai fyat-fyat. Na kawo fura a ƙwarya ɗaya da ludayi ɗaya, da gangan. Shekarar farko ba wanda ya taɓa. Ta biyu suka sha. A ta huɗu na leƙo na tarar Ɗantani ya miƙa wuya, Mode yana gyara masa gemu yana masa tsiya, wai aska irin tasa ko albasa ba ta yankawa. Na koma ɗaki na yi kukana na more.

Allah sarki, waɗannan Larabobi! Warin kitse, da gardama a kan farashin gero, da labarin baturen da ya ƙi yarda a yi masa ƙaho. Amma har lokacin ba wanda ya taɓa taka gidan ɗan'uwansa.

Shekarar da soja suka dawo daga yaƙin Bama ciwo ya kwantar da ni, ko taɓarya ba na iya ɗagawa. Tsoro biyu suka kama ni: in mutu da ƙarya a baki, ko in faɗa su daina haɗuwa. Da Laraba ta zo na sa aka shigo da su, na zayyana musu komai, har da cewa haɗin yana kwana.

Suka dubi juna. Can Mode ya tuntsire da dariya.

"Altine, ke dai ba ki da wayo," in ji shi. "Wa kika zato yana daka ma Baba abin ga tun ba a haihe ki ba?"

Na dubi Ɗantani. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, ni ma akwai kasko cike gidana. Tun shekarar hwarko."

"To uban mi ka kawo ku, kuna wahalshe ni da daka?"

Mode ya share ido da hannun riga. "Ni ba ni iya zuwa Shagari, shi ba shi iya zuwa Bodinga. In ba ki kira mu ba, wa za ya kira mu?"

Na warke. Ana gobe Larabar farkon watan da ya biyo na aika musu cewa haɗi ba ya kwana, da gari ya waye na daka shi. Tun hantsi na ji jakuna biyu a ƙofar gida.