Baban da Allo Ya Ba 'Yata

"Mama, babana biyu ne?"

'Yata ce ta yi tambayar a ƙofar makarantarsu, gaban iyaye. Ta nuna allon kwamfutar da maigadi ke dubawa kafin ya saki yaro. Ga hotonta, a gefe kuma, inda mijina ya kamata ya fito, wani dattijo ne mai sanƙo.

Dattijon na nan tsaye yana jiran jikansa. Ya ce shi dai ya gode, an ba shi 'ya ba wahalar raino. Kowa ya yi dariya, har ni, amma ban saki hannunta ba. Da wani ne mai mugun nufi, da maigadi ya miƙa masa ita.

Kula da rumbun bayanai na kwamfuta ne aikina, don haka na wuce ofis. Mai kwamfutar makarantar ya yi bayani yana sosa ƙeya. Kowane yaro yana da lambar mai ɗaukarsa. Akwai ƙa'idar da ke ɗaure lambar da rajistar iyaye, yadda ba za a iya goge uba ba muddin ɗansa na nan. Shi kuwa ya so ya ɗaura ta a jerin da allon ke nunawa, na iyayen da wa'adin katinsu na ɗaukar yara bai ƙare ba. Kwamfuta ta ƙi, sai ya bar ta a sake.

"Malam, wannan jerin taga ce kawai, ana leƙa rajista ta cikinta," na ce. "Wa ke ɗaure akuya a jikin inuwa?"

Ashe katin mijina ne ya ƙare. Magatakardar makarantar ta goge shi daga rajista, ba abin da ya hana ta, ta ba dattijo lambarsa.

Na ja kujera muka zauna. Muka mayar da mijina, muka ɗaura ƙa'idar a rajistar kanta. Kwamfuta ta fito mana da wasu yara shida masu irin wannan matsala, muka gyara. Na sa malamin ya gwada goge mijina, kwamfuta ta ƙi.

Da na ba maigidana labari, cewa ya yi ko ni ban riƙe shi kamar kwamfutar nan ba.

Ke mai karatu, gobe in kin kai ɗanki makaranta, ki ce maigadi ya juyo miki allon. Kada ki tafi sai kin ga fuskar da ke gefen tasa.