Direban Da Ya Koma Ɗinki

Shekara talatin da biyu ya yi yana tuƙa bas bai taɓa ɓatan hanya ba, shi ya sa ko bayan ritaya Direba ake ce masa a unguwa. Sai dai tun da ya saki sitiyari ya rungumi kujerar falo. Daga talabijin sai gyangyaɗi, abinci ma a cinya yake ci.

Wata Talata ya hau kekensa ya tafi kasuwa sayen ƙwan fitila. Ya jingine shi a gindin bishiya, ya yi sayayya, ya tsayar da tasi ya dawo gida abinsa. Da la'asar ya leƙa tsakar gida ya ƙwala ihu, "An sace mini keke!"

Matarsa tela ce. Ta ɗago kai daga ɗinkin da take yi ta ce, "Malam, da keke ka fita, da tasi ka dawo. Ni na zaci gyara ka kai shi."

Ya taya ta dariya. Keken dai an same shi inda ya bar shi, wani mai sayar da lemo yana gadinsa. Babbar 'yarsu, wadda take aikin jinya, da ta ji labari ta tasa shi gaba sai asibiti.

Likita ta auna jininsa, ta sa shi zana agogo, ta faɗa masa kalmomi biyar ta ce ya riƙe. Da ta tambaya daga baya, biyu ya kawo.

"Baba, ban ga abin tayar da hankali ba tukuna," in ji ta. "Amma zaman nan ya yi yawa. Tafiyar ƙafa kullum da safe, barci a kan lokaci, maganin hawan jini kada a tsallake. A shiga mutane. Sannan ku koyi wani abu sabo, wanda zai ba ku wuya. Bayan wata uku ku dawo."

Tafiyar ba ta yi wahala ba, don maƙwabcinsa Dogo, tsohon mai raba wasiƙu, dama abokin hira yake nema. Suka ƙirƙiro wasa: a tafi ana karanta sunayen shaguna, a dawo ana faɗarsu da ka kafin a iso ƙofar kowanne. Wanda ya kasa shi zai ɗauko ledar burodi har gida. Sati biyu cur Direba ne ɗan dako.

Sabon abin koyon ne ya rasa, har ranar da ya tsaya yana kallon ƙafar matarsa a kan keken ɗinki.

"Ashe feda ce kawai," ya ce. "Matsa ki gani."

Ya taka da ƙarfi, zare ya cukurkuɗe, allura ta karye.

"Malam, ba totur ba ne fa!" Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta jawo masa kujera.

Malama ce mai tsanani. In ya auna kafaɗa da ƙirji da tsawo, ba ta barinsa ya rubuta sai ya maimaita mata da ka. Aikinsa na farko rigar matashin kai ce, ya ɗinke ta ta kowane gefe, babu ƙofar da matashin zai shiga. Ya zauna ya warware da hannunsa yana ƙunƙuni, amma washegari ya riga ta zama a kan keken.

Da wata uku suka cika, kalmomi huɗu ya kawo wa likita, ta biyar ta maƙale. Ta ce ci gaba ne, kada ya saki. Har yanzu yakan nemi tabarau ya rasa, amma ya daina jin faɗuwar gaba.

A satin nan ya ɗinka wa Dogo riga. Hannun dama ya ɗara na hagu da kusan yatsa uku. Dogo ya saka ta ya fito tafiyar safe yana taƙama, duk wanda ya yi magana sai ya ce ai hannunsa ne haka, jakar wasiƙu ta ja shi.