Ranar da Mota ke Wanke Ƙirji

Bushayib ya kara kunnensa a murfin injin farar motar, ya saurara, sannan ya miƙe yana dafe da ƙugu.

"Wai a kunne take?"

"A kunne take, Baba," in ji Si Anwar, mai sayar da motocin, da irin murmushin da ake koyarwa a kwas. "Cikin gari batir ke jan ta, in an hau hanya fetur ya karɓa. Ko jariri ba za ta tasa daga barci ba."

"Gawa ma ai ba ta tashin jariri."

Lalla Batul, uwar ɗakinsa, tana kan kujerar fata da kofin shayi mai na'ana'a a hannu, ba ta yi dariya ba. Shekara goma sha tara Bushayib yana tuƙa ta a titunan Kasablanka, tun mijinta mai masana'antar tayil yana raye. Yau ta zo canza mota, saboda jikarta da ke karatu a Faris ta ce dizal abin kunya ne, kuma matan Anfa, unguwar masu kuɗi, duk sun koma masu batir. Lalla tana iya jure hawan jini, amma ba ta jure a riga ta.

Motoci biyu aka fito mata da su. Ga farar ta Japan, mai raba aiki tsakanin fetur da batir. Ga kuma baƙa ta Jamus, sabon samfurin wadda suke hawa, mai shan dizal ɗin da kamfani ke kira mai tsafta.

"Baƙar za mu ɗauka, Lalla," Bushayib ya ce. "Mota ce mai ƙashi. Waccan firij ce aka sa wa taya."

Ba ƙashin motar ne ya dame shi ba. Motocin dizal irin wannan suna da wata na'urar tacewa a cikin salansa mai tare baƙin hayaki, kuma in aka yi ta rarrafe da su a cunkoson gari sai ta toshe. Maganinta a hau babbar hanya a taka, zafi ya ƙone dattin. Shekara shida da suka wuce wani makanike ya gaya wa Lalla haka, ita kuwa ta ware wa motar kowace Alhamis ta je ta wanke ƙirjinta. Tun daga nan ƙirjin motar bai taɓa wankuwa ba sai a garin Azammur, inda Mbarka, matar Bushayib, ke kwance a gidan ƙanwarta, ɓarin jikinta ya shanye. Shi ke ɗaukar ta ya kai ta asibiti a yi mata gashi, ya dawo da ita, ya ba ta miyar harira a baki, kafin magariba yana ƙofar Lalla.

Yau ma Alhamis ce. Ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce, likita kuwa ƙarfe biyu yake ganin Mbarka.

"Abin da na tsana da dizal," Lalla ta ce wa Si Anwar, "shi ne wannan yawon na kowane mako. Yini guda cur ba ni da mota."

"Kowane mako, Lalla?" Si Anwar ya ɗaga gira. "A'a. Rabin awa a babbar hanya, sau ɗaya ko biyu a wata, ya wadatar. Wa ya ce miki yini guda?"

Lalla ta ajiye kofin a hankali. Ba ta taɓa ɗaga murya ba a rayuwarta, tana da masu aiki da yawa da ba ta buƙatar hakan.

"Si Bushayib?"

Ƙarya biyu suka zo masa a tare, kowacce da ƙafafunta. Zai iya cewa tsohuwar motar ta fi sabbi laulayi. Zai iya cewa wannan mai ɗaurin wuyan bai taɓa buɗe inji ba, wanda wataƙila ma gaskiya ne. Ya dubi agogon bango, ya ji duk sun gundure shi.

"Gaskiya ya faɗa, Lalla. Rabin awa ya ishe ta. Sauran nawa ne."

"Naka?"

"Azammur nake zuwa. Matata ba ta tashi. Ni nake kai ta asibiti."

"A motata."

"A motarki. Ta fi tasi laushi, bayanta ba ya son gargada."

Si Anwar ya shiga duba wata takarda da babu komai a kanta.

"Me ya hana ka tambaye ni?"

"Na tambaya, shekarar da ta faɗi. Kika ce Lahadi akwai baƙi, Juma'a akwai kuskus a gidan ɗanki, sauran ranaku kuma Allah ya kawo sauƙi. Bayan wata biyu fitila ta kama a gaban mota, makanike ya yi magana sau ɗaya, kika ba ta yini. Sai na bi bayanta na ci albarkacinta."

"Ka san abin da ake kiran wannan?"

"Na sani. Ki kira shi." Ya zaro makullin tsohuwar motar ya ajiye kusa da kofinta. "Ki sayi firij ɗinki, Lalla, ba ta da laifi, ta ma fi dacewa da ke, ba kya wuce bakin teku. Amma ni yau ina Azammur, mako mai zuwa ma haka. In akwai aiki gobe, ina nan ƙarfe tara. In babu, a ajiye mini kayana wurin mai gadi."

"To wa zai mai da ni gida?"

"Ga Si Anwar. Ya san komai."

A tasha ya samu babbar tasi mai zuwa Azammur saura mutum ɗaya. Ya matsu tsakanin wani soja da wata mata mai kwandon kifi. Direba ya tayar da inji, baƙin hayaki ya turnuƙe mai sayar da gyaɗa a baya, mutumin ya bi su da zagi har titi. Wannan dizal ɗin ba wanda ya taɓa yi masa ƙazafin tsafta.

Sun wuce ƙofar karɓar kuɗin hanya wayarsa ta yi ƙara.

"Na sayi farar," in ji Lalla Batul. "Gobe ƙarfe tara. Kuma ka sani, daga yanzu ranar Alhamis ba na fita. Ciwon kai ke damuna."

"Kowace Alhamis?"

"Kowace Alhamis."

Bushayib ya kalli gonakin da ke wucewa. A gidan nan, ashe, ba a samun hutu sai wani abu ya toshe.

"Allah ya ba ki lafiya, Lalla, amma ba ciwon kanki nake so ba. In ya warke fa? Ranata nake so, da sunana a kanta."

Sojan ya juyo yana kallonsa. Bushayib ya ƙara danna wayar a kunnensa.

"Lalla? Kina kan layi?"

"Ina jin ka, mai taurin kai." Ta ja numfashi. "Ita matar taka, yaya ma sunanta?"

Shekara goma sha tara, sai yau ta tambaya. Ya gaya mata, a hankali, yadda za ta iya rubutawa.