Bokitin Ilu

Tun da Ilu ya rasu, dokinsa Kili ya dawo hannun ƙanensa Sajo, a rugarsu da ke bayan Sule Tankarkar. Sajo bai gaza masa ba. Ga harawa, ga dusa da kanwa, kullum da safe sai ya goge masa jiki har ya yi sheƙi. Abu ɗaya ne bai gada ba. Lokaci-lokaci Ilu yakan ja dokin bayan rumbu da bokitin ruwan ɗumi, ya jima a can. Sajo bai taɓa tambaya ba, don abin da babba ya kai bayan rumbu, ƙane ba ya leƙawa.

Damina biyu da rasuwar, Kili ya sauya. Sai ya buɗe ƙafafu zai yi fitsari, ya yi ta nishi, ɗan kaɗan ya fito a warwatse. Ga wari, ga ƙudaje, ya goga jela a turke har gashin ya zube. Sajo ya ba shi jiƙon sassaƙe, ya yi masa hayaƙi, abin sai gaba yake. Ɗalha dillali ya zagaya shi sau ɗaya ya ce ciwon ƙoda ne, gara a kai shi Maigatari ranar Alhamis tun yana taka ƙafa, masu lodin dawakan yanka su ɗauka. Sajo ya ce to, amma ranar tuwo bai wuce masa ba.

Ba wai ba shi da wanda zai tambaya ba. Ummulkhair malamar dabbobi ce a Gumel, daga nesa ake zuwa nemanta. Sai dai 'yar farinsa ce. Ko sunanta bai taɓa kamawa ba, "yarinyar nan" yake cewa, balle ya tsaya gabanta da zancen inda doki ke fitsari.

Laraba da hantsi sai ga ta a kan mashin. Ta durƙusa daga nesa ta gaishe shi, ya amsa yana kallon igiyar da yake tufka. Da ta zo wucewa ta gefen turke ta ɗan rage tafiya, sannan ta shige wurin Goggo Zinariya, yayar Sajo. Zana ɗaya ce tsakaninsu da shi.

"Goggo, kin san aikin da na yi a Gagarawa makon jiya?" in ji Ummulkhair, da murya sama da yadda ta saba.

"Ke da ke magana kamar sauro, yau kurma kika mai da ni?"

"Wani doki ne. Fitsari ya gagare shi, mai shi har ya kira dillali."

"Allah sarki. Ƙoda ce?"

"Dauɗa ce kawai. Takan taru cikin kuben gabansa, ta dunƙule a wani ɗan lungu daidai bakin hanyar fitsari, ta yi tauri kamar ƙwallon dabino."

"Ke dai boko ya wanke miki ido. To ya aka yi?"

"Ruwan ɗumi da tsumma mai laushi. Mutum ya tsaya ta wajen kafaɗarsa saboda harbi, ya jiƙa, ya bi a hankali, ya lalubo ƙwallon da yatsa. Ban da omo, ƙona shi yake."

"Maimaita na omon," in ji Goggo, ta juya bakinta wajen zana. "Kunnena ya tsufa."

Igiya ta tsaya a hannun Sajo. Ashe abin da Ilu ke yi ke nan. Shekara biyu yana goge inda idon mutane ke kaiwa, ya bar dabbar Allah da azaba, kuma gobe zai miƙa shi ga wuƙa a kan dauɗa. Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Bayan azahar ya ja Kili bayan rumbu. Bokitin Ilu ya tarar a can, cike da ruwan ɗumi, an rataya tsumma a bakinsa. Bai waiwaya ya ga wa ya ajiye ba.

Kili ya zabura, ya ɗaga ƙafar baya. Sajo ya shafa wuyansa, ya yi masa irin fiton da Ilu ke yi, har ya lafa. Baƙar dauɗa ta riƙa ɓantarowa kamar ƙanzon tukunya. Can yatsansa ya ci karo da abu mai tauri, ya matso shi sannu a hankali har ya faɗo tafinsa. Ba a jima ba Kili ya buɗe ƙafafu ya saki fitsari, ya yi ta zuba har ya yi hanya cikin rairayi. Sajo ya tsaya riƙe da ƙwallon, ya kasa duban fuskar dokin.

Alhamis da sassafe Ɗalha ya iso da igiya, Sajo ya ce ya fasa. Da ya nemi dalili, sai ya nuna masa Kili yana cin harawa.

Ummulkhair na ɗaure jakarta a mashin lokacin da Sajo ya matso jikin zana ya yi gyaran murya, ya kira yayarsa.

"Adda, a tambayi yarinyar nan. Shi dokin Gagarawa, sau nawa ake yi masa a shekara?"

Ummulkhair ta sunkuyar da kai tana jan ɗaurin jaka.

"Sau ɗaya ko biyu, Goggo," in ji ta.