Ranar da Gimbiya Ta Yi Yanka

Mu huɗu ne, kuma duk ranar Asabar da yamma mukan taru a ɗakin bayan shagona domin mu kalli wuƙaƙe. Kallo kawai. Ni mai yankan makulli ne. Ban yi karatu mai nisa ba, ɗan abin da na sani na tsinto shi ne daga littattafan da mutane suka gaji da su, da kuma yawan zama shiru. Sauran ukun su ne Hedimasta, wanda ya yi ritaya amma har yau yana magana da mu kamar 'yan aji uku, da Mai Magani da shagonsa ke kallon nawa, sai Darakta, yayan matata. Darakta bai taɓa zama daraktan komai ba. Shekara talatin ya yi yana buga hatimi a wani ofis, amma tun da ya bar aiki ba ya fita sai da laktaye ɗaure a wuyansa, ko da batir zai je saya.

Abin da ya haɗa mu shi ne tsofaffin wuƙaƙen aljihu, irin masu naɗewa, waɗanda maƙera suka ƙera da hannu. Kowa yakan zo da akwatinsa, a shimfiɗa jan karammiski a kan teburi, a jera su. Muna da dokoki, domin inda duk Hedimasta ya zauna sai doka ta tsiro. Ba a miƙa wuƙa hannu da hannu, sai a ajiye ta a kan ƙyalle, ɗayan ya ɗauka. Ba a goge baƙin da shekaru suka bar mata. Babbar dokar ita ce ba a wasa ta, ba a yanka komai da ita. Idan wuƙa tana nan da kaifin da maƙerinta ya ba ta, ba wanda ya taɓa shi, sai mu ce tana da bakin maƙeri. A wurinmu wannan shi ne ƙarshen daraja. Wato dai maza huɗu masu furfura sun yarda cewa mafi kyawun wuƙa ita ce wadda ba ta taɓa yi wa kowa amfani ba.

A duk tarinmu, ɗaya ce tak mai bakin maƙeri na gaskiya, kuma ta Darakta ce. Ƙotarta ƙahon rago ne mai ruwan zuma, da ƙusoshin tagulla uku, ruwanta siriri kamar ganyen ciyawa. Gimbiya muke ce mata. Shekara goma sha ɗaya tana hannunsa. Matarsa ta taɓa gaya wa matata cewa da ita ma tana samun rabin man da ake ɗiga wa Gimbiya, da ba ta tsufa da wuri ba.

Ranar da abin ya faru, Darakta ya ajiye Gimbiya a kan ƙyalle, layi ya zo kaina na ɗauka. Na buɗe ta da hannu biyu kamar yadda aka koya mana, ina duba kaifinta a hasken taga. Shi kuwa ya lura makullin akwatinsa ya dusashe, sai ya tashi ya kunna injin da nake goge ƙarfe da shi a lungun ɗakin.

Na ce, "Yaya, bari in gama in yi maka."

Ya ce, "Kai da ba wanda ya koya maka ma ka iya, balle ni?"

Ya sunkuya. Laktayen ya reto, sandar injin ta kama ƙarshensa, ta naɗe. Kafin mu ce wani abu, fuskar Darakta ta kusa haɗuwa da ƙarfe. Hedimasta ya fizge filogi, injin ya tsaya, amma laktayen ya riga ya ɗaure tamau. Ƙullin ya shige cikin maƙogwaro, idanun Darakta sun firfito, bakinsa yana buɗewa ba sauti.

A kan teburin akwai wuƙaƙe ashirin da uku. Na ga Mai Magani ya kai hannu kan tasa mai ƙotar ƙashi, ya ɗaga ta, ya dube ta, ya mayar da ita a hankali, sannan ya ƙwala ihu: "Almakashi! Wa yake da almakashi?" Ya fita da gudu zai ɗauko a shagonsa, tsallaken titi. Hedimasta kuwa yana ta jan ƙullin yana cewa, "Ka natsu, ka yi numfashi," abin da Darakta zai so ƙwarai da yana iyawa.

Ni na taka na sa Gimbiya tsakanin wuyansa da injin, na ja sau ɗaya. Laktayen ya rabu biyu, ruwan wuƙar ya wuce ya daki sandar ƙarfen, ƙal. Darakta ya zube a ƙasa yana tari.

Muka ba shi ruwa, muka yi masa fifita da kwali. Da muryarsa ta dawo, na sunkuya kusa da shi, ina tsammanin abin da mutum yakan tsammata.

Ya ce, "Da wacce ka yanka?"

Ya dubi hannuna. Ya karɓe ta, hannu da hannu, ya manta da doka. A tsakiyar kaifin akwai giɓi ƙarami kamar ƙwayar yashi. Daidai nan Mai Magani ya shigo yana haki, da almakashi a ɗage kamar wanda ya zo karɓar lambar yabo.

Hedimasta ya ce Asabar mai zuwa za a yi zama a kan maganar.

Sati guda Darakta bai gaishe ni ba. Matata ta je duba shi, ta dawo ta zauna a bakin gado tana cire takalmi.

Ta ce, "Wuyan ya yi baƙi, amma ba shi yake nuna wa mutane ba. Wuƙar yake nunawa. Duk wanda ya zo sannu sai ya miƙa masa gilashin ƙara girma ya ce duba nan."

Na ce, "Ai da na bari ya mutu da mutuncinsa."

"Kar ka fara mini. Hedimasta ya aiko matarsa. Tambaya ɗaya za su yi maka, a kan wuƙar nan taka ta aljihu. Ka ce ka manta da ita. Shi ke nan, a yafe maka, ku ci gaba da haukarku."

Ina da wata wuƙa mai ƙotar roba da nake yanka igiya da buɗe kwali da ita. Kullum tana aljihuna na dama, kowa ya sani, kuma tana da kaifi kamar reza.

Na ce, "To idan ban manta ba fa?"

Ta dube ni irin kallon da take yi wa tukunyar da ta ƙone. "Baban yara, shekara ashirin da shida ina zaune da kai. Ka manta ranar aurenmu, ka manta sunan likitan da ya yi maka aiki, ka manta yaro a wurin aski. Yau da ake roƙonka ka manta, yau ne ƙwaƙwalwarka ta tashi?"

Gaskiya ta faɗa. Amma ga abin da ya hana ni sakat a satin nan, ina yanka makulli ina ɓata su. Ban manta ba. Na ji nauyin wuƙar a cinyata lokacin da na taka. Gimbiya tana buɗe a hannuna, ɗayar tana rufe a aljihu, ciro ta da buɗe ta zai ci numfashi biyu, mutumin kuwa ba shi da ko ɗaya. Wannan hujja ce mai kyau, kowane alƙali zai karɓa. Sai dai akwai wani abu a ƙarƙashinta. Shekara goma sha ɗaya ina riƙe wuƙar nan duk Asabar ina tambayar kaina, wai shin tana yanka kuwa? Lokacin da na sa ta a kan laktayen, wani abu a cikina ya ce, yau dai. Wanne ya riga zuwa, tausayin ko son ganin? Na juya shi ta kowace fuska ban gano ba. Idan ka ceci mutum da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana biyan buƙatarka, lada ka samu ko ka yi sata?

Asabar ta zo. Aka shimfiɗa karammiski, aka kwantar da Gimbiya a tsakiya kamar gawar da ake jiran dangi. Darakta ya zo da sabon laktaye a kan tabon.

Hedimasta ya gyara murya. "Ba wanda ya ce ceton rai laifi ne."

Mai Magani ya ce, "Sam. Amma komai da tsarinsa. Ni ai kun gani, cikin daƙiƙa nawa na kawo almakashi?"

Na ce, "Ƙwarai. Da ya yi amfani wurin yanka likkafani."

"Ka ji ko, Hedimasta? Ka ji bakinsa?"

Hedimasta ya buga teburi da yatsa. Ya dube ni, ya sassauta murya, har da ɗan lumshe ido don in gane ƙofar da ya buɗe mini. "Mai Makulli, wuƙarka ta aiki tana aljihunka a ranar. A cikin ruɗewa, mutum yakan manta. Ka manta da ita, ko ba haka ba?"

Na dubi kujerata, wadda ƙafarta ɗaya nake tokarewa da kwali. Ba ni da wasu abokai. Mutanen nan uku, da duk shirmensu, su ne kaɗai suke saurarona idan na fara dogon zance.

Na ce, "Ban manta ba. Gimbiya ce a buɗe, ita ta fi kusa. Kuma na daɗe ina so in ga ko tana yanka."

Hedimasta ya rufe ido kamar ɗalibinsa ya faɗi jarrabawar da shi da kansa ya ba shi amsarta. Darakta kuwa sai kallona yake, wani irin kallo da ban gane ba a lokacin.

An ce ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Wanda ya faɗi haka bai taɓa shiga ƙungiya ba. Hannu uku suka tashi, aka kore ni.

Sai aka zo kan wata 'yar matsala. Gidan Hedimasta jikoki sun cika shi, matar Darakta ta rantse wuƙaƙe ba za su hau teburinta ba, shagon Mai Magani kuwa ba wurin zama. Bayan doguwar shawara, aka yanke cewa za a ci gaba da taruwa a ɗakin bayan shagona, ni kuma in zauna a gaba. Hedimasta ya ƙara da cewa idan ba damuwa in riƙa kunna musu fanka kafin su iso.

Asabar uku na yi haka. Ina gaba ina yanka makulli, suna bayan labule suna "kai, dubi wannan ƙusa." Har shayi na miƙa musu ta gefen labule, domin an kore ni daga ƙungiya ne, ba daga tarbiyya ba.

Ranar wata Laraba da hantsi, ba kowa a shagon, sai ga Darakta. Ya tsaya yana duba kwaɗunan da ke rataye kamar yau ya fara ganinsu.

Na ce, "Yaya, makulli za a yanka?"

Ya leƙa titi, ya dawo, ya rage murya. "Yaya ta yi?"

"Wa?"

"Kar ka raina mini hankali. Lokacin da ka ja ta. Yaya ka ji a hannunka?"

Na ajiye abin da ke hannuna. Na ce, "Ban ji komai ba, Yaya. Abin da ya ba ni tsoro ke nan. Kamar na ja ta a cikin ruwa."

Ya zauna a kan benci. Ya daɗe yana shafa tabon wuyansa. Sannan ya ce, "Shekara goma sha ɗaya. Ni nake ɗiga mata mai, ni nake canza mata ƙyalle. Sau nawa na ɗora ta a kan zare na fasa. Ka zo rana ɗaya ka riga ni, kuma ina wurin, ban ma gani ba."

"Ai lokacin kana da wani uzuri."

"Rufe mini baki. Rufe ƙofar ma."

Na rufe. Muka shiga ɗakin baya. Ya ciro Gimbiya daga aljihun ƙirji, ya ciro rabin tsohon laktayen, wanda ashe ya adana. Ya ba ni gefe ɗaya na riƙe, ya ja ɗayan da haƙori, ya ɗora wuƙar can nesa da giɓin. Ya ja.

Ƙyallen ya faɗi ƙasa ba ko ƙara.

Ya ce, "Kai!" Ya sake ja. Ya kuma. Da laktayen ya ƙare ya waiga yana neman wani abu, na miƙa masa igiyar ɗaure kaya, ya gama da ita, na ba shi kwali. Mutumin da ya yi shekara talatin bai yi dariya a ofis ba, ga shi yana ƙyaƙyatawa a cikin tarkace har da hawaye.

Da ya gaji, ya goge ta da hankici, ya naɗe ta da hannu biyu, ya gyara laktayensa, ya koma Darakta.

Ya ce, "Asabar ka shigo ciki. Zan gaya musu na yi nazari, na yafe maka. Amma abin da ya faru yau, idan wani ya tambaye ka, sau ɗaya tak Gimbiya ta taɓa yanka, kuma kai ka yi."

Na ce, "Wato in yi ƙarya."

"Ka manta kawai. Ƙanwata ta ce ka iya."

Ya fita. Na ɗauki tsintsiya na share gutsattsarin laktayen, na tura su can ƙasan kwandon shara inda Hedimasta ba zai gani ba. Sannan na nemo sabon kwali na tokare ƙafar kujerata.