Ɗaga Kan Suhail

Rabon Malam Bahago da ya sa ɗansa Suhail a ido har ya fara mantawa. Yaron yana Legas, wai ana horar da shi ninkaya. Ka ji fa, iyo ma ya zama sana'a! Abin da uban ke samu sai hoto a waya, shi ma ba na fuska ba, wani zane ne mai hawa da sauka. Wata 'yar na'ura ce kamar ƙwallon dabino ake maƙala wa yaron a ƙeya, ita ke auna duk motsin da ya yi cikin ruwa.

Malam Bahago magini ne, bai san kan zanen ba sam. Amma akwai wani tsini da ke fitowa a kai a kai, wanda Suhail ya ce masa ɗaga kai ne. Wannan kam nasa ne. Shi ya koya masa a kududdufin bayan Ƙofar Gayan, inda yake haƙar ƙasar gini. Wa zai tsoma fuska cikin koren ruwan nan? Ai sai dai ka yi iyo kai a sama, ido a bakin ruwa. A bakin ruwan kuwa shi ne a tsaye, laka har gwiwa. In kewa ta ishe shi, sai ya zauna a zaure yana bin tsinin da ɗan yatsa, yana jin har yanzu yaron na ɗagowa yana nemansa.

Rannan sai ga kiran Suhail. "Baba, koci, mai horar da mu, ya ce ɗaga kan nan ke ci mini lokaci. In ban daina ba, ba za a ɗauke ni gasar da ke tafe ba."

Wallahi ran dattijon bai so ba. Ya dai ce, "To, ka daina mana. Allah Ya dafa maka."

Tsinin ya yi ta raguwa, har ranar da zane ya zo sumul. Aka ɗauki Suhail. Maƙwabta suka cika zaure da barka, Malam Bahago na ta amsawa. Da suka watse, ya kira ɗansa.

"Suhail, yanzu in kana cikin ruwa, me kake gani?"

"Ƙasan ruwan kawai, Baba. Wani baƙin layi."

Malam Bahago ya gyara riƙon wayar a kunnensa.

"Madalla," ya ce. "Kada ka ɗago."